Ramin da Na Toshe a Gadar Hanyar Khaddamari

Zuwa ga Babban Injiniya mai kula da gadar sama ta hanyar Khaddamari, Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Ka yi haƙuri ban rubuta sunanka ba, ban san shi ba ne. Takarda uku muka aika ofishinka daga unguwarmu, ko guda ba a amsa mana ba, balle mu ga sa hannunka mu san da wa muke magana. Shi ya sa wannan ta huɗun na kai ta gidan jarida, ko wani ya karanta ya gaya maka.

Sunana Modu, a Gamboru ana ce mini Ba Modu Magini. Sama da shekara talatin ina riƙe da cokalin gini. Ɗan bokon da nake da shi na ajin yaƙi da jahilci ne, saboda haka idan ka ga rubutun ya karkace ka ɗauke kai. Wanda ya saba rubuta mana takarda da tafireta ya mutu, a ƙarƙashin gadarka ya mutu, kuma da hannuna a ciki. Zan faɗi wannan dalla-dalla, ba zan ɓoye kaina ba. Amma bari in fara da abin da ya hana ni sakat. Zafi ya kusa shigowa. Ma'aikatanka sun toshe ramin da ke gefen gabas na gadar da tsakuwa da siminti, irin toshewar da na yi wa na gefen gari har aka rasa rai. A daidai ƙarƙashin wurin kuwa matar marigayin take suyar ƙosai, da ita da mutane da yawa.

Na ɗaya: yadda gadar take.

Na san ka fi ni saninta a takarda, amma ban san ko ka taɓa tsayawa ƙarƙashinta ka ɗaga kai ba. A kan idona aka gina ta. Babban titi ya bi ta sama, a ƙasa kuma hanyar masu amalanke da jakuna da masu keke ta wuce zuwa kasuwa, ga kwarin ruwa a gefenta. Abin da yake ɗauke da titin, wanda mu magina muke kira bim, wato azarar gada, iri biyu ne. Gefen gari da gefen gabas na kankare ne, a nan gefen hanya aka zuba su, suka bushe, injin ɗaga kaya ya ɗora su. Tsakiya kuwa, da yake tazarar ta yi faɗi, dogayen ƙarafa aka kawo ta jirgin ƙasa aka shimfiɗa. Mutanen unguwa suka sa mata suna gamin gambiza, muna ta dariya, wai kuɗin gwamnati ne ya ƙare a tsakiya.

Inda ƙarfe ya haɗu da kankare, ta gefen gari da ta gefen gabas, an bar rami daga wannan bakin titi zuwa wancan, faɗinsa kamar tafin hannu. An rufe shi da farantin ƙarfe mai noti. A ƙasa kuma kan ƙarafan bai zauna a kan ginshiƙi kai tsaye ba, yana kan wasu gajerun ƙarafa ne masu kama da taɓarya a kwance. Duk mun ga wannan. Babu wanda ya gaya mana dalilinsa, babu allo, babu sanarwa a rediyo, ko mai unguwa ba a yi wa bayani ba.

Da aka zo yin titin an sare itatuwan dogon yaro da ke wurin kakaf, saboda haka inuwar gadar ta zama ita kaɗai ce inuwa a duk yankin. Kai ma ka san ranar Maiduguri. Masu faci, masu shayi, masu gyaran rediyo, mata masu suya, kowa ya kawo bencinsa. Mu magina ma nan muke zaman jiran aiki.

Na biyu: Baba Gana.

Akwai wani tsohon ma'aikacinku, Baba Gana, mutumin Shehuri. Sau biyu a shekara yakan zo da tsani a kafaɗa, da gwangwanin giris, da tsintsiya, da wata ƙugiyar ƙarfe. Zai hau sama ya ƙwaƙule yashi da tsakuwar da suka shiga ramin, ya ɗaure notin farantin, ya sauko ya kafa tsani ya shafa wa taɓaren nan giris. Mu kuwa muna zaune muna tsokanarsa, wai ya zo yi wa amaryarsa kwalliya. Shi ba mai yawan magana ba ne, sai dai ya ce mana wushe, wato sannu da Barbarci, ya sha shayinsa ya tafi. Da aka zo rage ma'aikata a wannan zamani na tsuke bakin aljihu, yana cikin na farkon da aka sallama. Ina jin wanda ya ja layi a kan sunansa ya ɗauka mai shara ne kawai. Tun daga ranar ba mu sake ganin kowa da gwangwanin giris a wurin ba.

Na uku: takardunmu.

Damina biyu bayan tafiyar Baba Gana, notin farantin gefen gari suka kwance. Tankoki da tireloli suna bi ta kai, farantin ya lanƙwashe ya ɗaga baki yana yanka tayoyi. Wasu leburorinku suka zo suka cire shi suka jefa a mota, suka ce za a kawo sabo mako mai zuwa. Makon nan har yau bai zo ba.

Bakin ramin ya fara ɓarɓashewa yana ƙara faɗi. Jakin wani mai itace ya zura ƙafa ya karye, a nan aka bar shi. Masu keke kullum sai wani ya kifa. Wata Balarabiyar Shuwa mai tallan nono ta taka ba ta gani ba, ƙafarta ta shige har idon sawu, muna ƙasa muka ji ƙarar ƙashin, nonon yana zubo mana ta ramin.

A lokacin ne Malam Yohanna ya fara rubuta muku. Bari in gaya maka ko wane ne shi. Mutumin kudancin Borno ne, Kirista, tsohon akawu. Da ya bar aiki sai ya kafa ɗan teburinsa da tafiretarsa a ƙarƙashin gadar, yana rubuta wa mutane wasiƙa da takardar neman aiki. Bencinsa yana manne da namu, shekara takwas muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Shi yana tsokanata wai Hausata ta sha Barbarci har ta ƙoshi, ni ina ce masa Akawu mai shayi ba sukari. Da Sallah matata takan aika musu da abinci, da Kirsimeti matarsa Saratu takan aiko mana. Idan na tafi salla shi yake tsare mini keke da jakar kayan aiki.

Takarda uku ya buga da Turanci, bai karɓi komai a hannun kowa ba. Mai unguwa ya sa hannu, ni na dangwala yatsa don a lokacin ina jin kunyar rubutuna. Ni da kaina na kai ta biyu da ta uku ofishinka. Masinja ya karɓa, ya buga hatimi a kwafin, ya ce Yallaɓai yana mitin. Kwafin ukun suna nan wurin Saratu cikin akwatin da take ajiye Littafinsu, duk ranar da kake son gani za a nuna maka.

Na huɗu: laifina.

Da muka ga shiru ya yi yawa, sai aka taru a ƙofar gidan mai unguwa aka ce a yi aikin gayya, kamar yadda muke yi wa magudanar ruwa da katangar maƙabarta. Haka muka tashi muka gani, idan abu ya lalace a unguwa ba a zuba masa ido. Wani ya kawo siminti, wani yashi, masu amalanke suka ɗebo tsakuwa, mata suka yi abinci. Aka ce Ba Modu ne zai ja aikin.

Mutum ɗaya ne ya ja da baya, Malam Yohanna. Ya ce shi fa bai san gini ba, amma mutanen da suka iya ɗora ƙarfe mai nauyin nan a sama ba za su manta da rami ba, kuma ramin iri ɗaya ne a gefe biyu, lalle da gangan aka bar shi. Ya ce a shimfiɗa katako a kai kawai, a ƙara rubuta takarda. Ranka ya daɗe, a gaban jama'a na yi masa dariya. Na ce Akawu, kai ka tsaya a kan tafiretarka, ni ban taɓa gaya maka inda ake sa waƙafi ba. Na ce rami a gini ha'incin ɗan kwangila ne, ba wani abu ba. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ce to, Ba Modu ya fi shi sani.

Lokacin sanyi ne, da sassafe muka fara, muna hura hannu. Na ɗaure katako ta ƙasa, na wanke ramin tas, na jera guntayen rodi a ciki. Na kwaɓa kankaren da ƙarfi irin wanda ban taɓa yi wa gidan wani attajiri ba, na ce wannan na jama'a ne, don Allah za a yi shi. Na duddulla shi da sanda har ba sauran kafa ko ta allura. Kwana bakwai ina hawa ina ba shi ruwa safe da yamma. Da aka buɗe, motoci suka riƙa wucewa sumul, ba ƙara. Direbobi suna ɗaga mini hannu, liman ya sa mini albarka bayan sallar Juma'a. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi, na yi ta tafiya ina buɗa kafaɗa.

Na biyar: ranar.

Watan Afrilu ne, zafin da kwalta ke kama takalmi. Kwana biyu kafin nan mun riƙa jin gadar tana wani ƙas-ƙas da rana tsaka, yashi yana ɗan zubowa. Malam Yohanna ya kakkaɓe takardarsa ya dube ni, ni kuma na ce masa sabon aiki ne yake zama. Haka na faɗa, da bakina.

Ranar Talata aka kira azahar, na tura masa jakata ƙarƙashin teburinsa na tafi ɗan masallacin da ke bayan masu faci. Muna raka'a ta biyu muka ji ƙara kamar an harba bindiga, sai ihun mata. Da muka sallame na fito da gudu ba takalmi. Kan bim ɗin kankare na gefen gari, daidai inda na toshe, ya tsage ya ɓalle. Gutsuren da ya kai turmi girma ya sauko a kan wuyan Malam Yohanna da kafaɗarsa. Yana kife a kan teburin, takardar wani mai neman aikin gadi tana cikin tafiretar, an buga rabi. Mu huɗu muka ɗaga dutsen. Idonsa a buɗe yake, yana numfashi, amma bai iya motsa komai ba. Muka sa shi a bayan akori-kura, kansa a cinyata har asibiti. Kafin magariba ya cika.

Kankaren da na zuba kuwa ko tsaga bai yi ba. Na hau washegari na duba, yana nan daram yadda na bar shi. Gadar ce ta fashe, aikina bai fashe ba. Da na yi ha'inci, da na cika yashi na rage siminti kamar yadda wasu suke yi, da shi ne zai ruguje ya ba da hanya, da yanzu Akawu yana nan yana shan shayinsa. Wannan tunanin nake tashi da shi kullum, ya hana ni jin daɗin abinci.

Ni na gina kabarinsa a maƙabartarsu, da cokalin nan dai. Dattawan cocinsu sun so su kira wani, na roƙe su su bar ni. Da na je yi wa Saratu gaisuwa na kasa haɗa ido da ita. Na so ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na sami sauƙi. Sai ta ce, Ba Modu, ai kai gyara ka yi, tashi ka sha ruwa.

Na shida: abin da Baba Gana ya nuna mini.

Bayan kwana uku mutanenka suka zo a farar mota, da hulunan kwano. Aka farfasa aikina da injin, aka tokare bim ɗin, aka liƙe, aka kawo sabon faranti. Ashe akwai farantin. Cikin mako guda aka gama abin da muka yi shekara muna roƙo. A rediyo kuma aka ce wasu jahilai ne suka yi wa gadar gwamnati katsalandan. Na ji da kunnena, kuma ban musa ba, jahilin ni ne. Sai dai har suka tafi babu wanda ya tsaya ya gaya wa jahilin abin da ya yi. Na bi wani matashi daga cikinsu har bakin mota ina tambaya, ya ce Baba ba za ka gane ba, ya ja ƙofa.

Sai na nemi gidan Baba Gana a Shehuri. Na same shi ya tsufa ƙwarai, ido ya fara yi masa hazo, amma da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce in ɗauko shi a keke gobe bayan asuba, in zo da alli. Muka je gefen gabas, inda a lokacin ramin yake a buɗe. Ya sa na hau tsani na ja layi ɗaya da alli, rabi a jikin ƙarfen, rabi a jikin ginshiƙin. Ya ce mu zauna. Muka zauna har la'asar, ya ce in sake hawa. Ranka ya daɗe, layin ya rabu biyu. Na ƙarfen ya gusa ya bar na ginshiƙin da kaurin tsinken ashana biyu ko uku. Na goge ido na sake dubawa.

Ya ce mini ƙarfe yana miƙewa idan ya sha rana, yana komawa idan ya huce, kuma yana saurin ɗaukar zafi fiye da kankare. Tsakanin sanyi da bazara tafiyar takan kai kaurin yatsa. Ramin nan wurin miƙewarsa ne, taɓaren nan kuma a kansu yake gangarawa. Ya ce babu abin da zai hana shi, idan ka tare shi zai ture abin da ke gabansa ne. Da na gaya masa da sanyin safiya na zuba kankaren, sai ya kama baki, ya ce lokacin da ramin ya fi buɗewa ke nan, ban bar wa ƙarfen ko kaurin gashi ba. Ya ce shi ma ba makaranta ya koya ba, wani injiniya ne ya nuna masa da alli tun ana ginin, cikin ɗan lokacin da bai kai shan shayi ba. Na ce Baba, don me ba ka taɓa gaya mana ba? Ya ce ku da kuke ce mini mai kwalliyar amarya, wa ya tambaye ni?

Ka ga abin da ya kashe Malam Yohanna ke nan. Maganar da ba ta fi a yi ta a tsaye ba, da guntun alli.

Na bakwai: abin da ya sa na rubuto.

Bayan rasuwar kowa ya kwashe bencinsa daga gefen gari ya koma ƙarƙashin gefen gabas, wai can ya fi aminci. Saratu ma, da ta gama zaman makoki, ta kafa murhunta a can. 'Ya'ya huɗu ya bar mata, uku suna makaranta, ƙosan nan ne cinsu da shansu.

To a sanyin bana farantin gefen gabas shi ma ya kwance, don har yanzu ba a mayar da mai ɗaure noti ba. Wata safiya sai ga ayarin leburorinku masu facin titi, da abasiyansu, wato shugabansu. Suka cire farantin. Ina tsaye ina kallo suka juye tsakuwa a ramin, suka kwaɓa ragowar simintin da suka yi aikin kwalbati da shi suka ɗura, suka malala kwalta a kai. Na hau da gudu ina ɗaga hannu. Na ce wa abasiyan don girman Allah ya dakata, na ba shi labarin alli, na ce ya zo gobe in nuna masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba kai ne tsohon da ya kashe mutum a nan ba? Yanzu kuma kai za ka koya mana aiki? Ya ce shi an ba shi umarni ya rufe duk wani rami da ke kan titi daga nan har Khaddamari, kuma wannan rami ne.

Haba, ranka ya daɗe! Ni da na yi, an kira ni jahili a rediyo. Su da suke da motar gwamnati da rigar aiki, me za a kira su? Ni ban sani ba, kuma babu wanda ya mutu a wurin kafin aikina da zai zame mini darasi. Su kuwa kabarin Malam Yohanna ko shekara bai cika ba.

Na jira mako biyu ko wani babba zai zo dubawa, shiru. Sai na ɗauki guduma da kurfi na hau na fara sara. Ban yi kamu ɗaya ba motarsu ta tsaya. Suka ƙwace gudumar da kurfin, abasiyan ya ce idan ya sake ganina a kan gadar zai haɗa ni da 'yan sanda a kan ɓarnata dukiyar gwamnati. Ranar da na toshe ramin, rabin unguwa na wurin, da ganga da abinci, babu wanda ya ce mini kanzil. Ranar da na zo buɗewa ce na zama mai laifi.

Na bi mutanen ƙasa ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su tashi. Wasu suka ce ai wannan karon ma'aikatan gwamnati ne suka yi, sun san aikinsu. Wasu suka ce kowa da ranarsa, Akawu kwanansa ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne, amma ni na ga layin alli ya rabu da idona. Saratu kuwa ta saurare ni har na gama, ta ce ta yarda da ni sarai, amma in nuna mata wata inuwar da masu saye za su same ta, ta tashi yau ɗin nan. Irin wannan inuwar kuwa babu ita.

Yanzu kullum da azahar sai na je na ɗaga kai. Akwai wata tsaga siririya a kan bim ɗin kankaren gefen gabas, na yi mata alama da alli a ƙarshenta, cikin kwana goma ta wuce alamar. Shekaranjiya ina tsaye yashi ya zubo cikin kaskon Saratu, ta sa matsami ta tsame shi ta ci gaba da suya. Kuma fa zafin gaske bai fara ba tukuna.

Abin da nake roƙo.

Ka aiko a fasa abin da aka ɗura a ramin gefen gabas kafin watan nan ya ƙare, a mayar da faranti, a duba tsagar. Na ga an yi irin wannan cikin mako guda da aka rasa rai, saboda haka na san ana iyawa.

Ka mayar da mai giris. Idan Baba Gana ya tsufa, a ba shi wani ya koya masa tun yana da sauran gani. Kuma a tara abasiyoyinka da leburorinka a ƙarƙashin gadar, a ja musu layin alli da safe, a dawo da su da la'asar.

A kafa allo a gefe biyu, da Hausa da Barbarci, da boko da ajami, a rubuta cewa ramin nan da gangan aka bar shi, kada kowa ya toshe. Ba mu kaɗai ba ne masu aikin gayya a ƙasar nan, kuma na ji an ce akwai gadoji irin wannan a wasu garuruwa. Ko'ina akwai magini irina mai ganin ya iya.

Ban roƙa wa kaina komai ba. Sunan da aka kira ni a rediyo na karɓa. Amma Saratu ko gaisuwa ba ta samu daga ofishinka ba, alhali takardun mijinta uku suna cikin wani fayil a wurinku. Ka sa a nemo su, ka karanta ko da guda ɗaya, ka ga irin ladabin da mutumin nan ya yi muku magana da shi.

Daga ƙarshe, don kada a ce na yi a ɓoye, ga abin da na yanke. Na ari wata gudumar da wani kurfin. Ranar Asabar ta ƙarshen watan nan, da hantsi, zan hau gefen gabas in ci gaba daga inda aka tsayar da ni. Na gaya wa mai unguwa, na gaya wa iyalina. Idan ka aiko injiniya, zan miƙa masa gudumar in riƙe masa tsani. Idan 'yan sanda ka aiko, zan bi su ba gardama, amma sai su tarar na buɗe abin da ya samu. Kabari ɗaya na gina wa gidan Malam Yohanna, ba zan gina na biyu ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya tsare ka da 'ya'yanka a duk gadar da za ku bi ta kanta ko ta ƙarƙashinta. Allah kada ya ɗora maka irin abin da nake ɗauke da shi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Modu Magini,
Gamboru, Maiduguri.